Na dasa wa sifa amsar False a kan abin bogi, amma gwajina yana ganin True

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan gwaji da Python, da unittest.mock nake aiki, laburaren da ake yin abin bogi (mock) da shi a madadin na gaske. Ga kod ɗin a taƙaice:

```python
class Asusu:
    def __init__(self, imel, ranar_tabbatarwa=None):
        self.imel = imel
        self.ranar_tabbatarwa = ranar_tabbatarwa

    @property
    def ya_tabbata(self):
        return self.ranar_tabbatarwa is not None

def aika_sanarwa(asusu, mai_aika):
    if asusu.ya_tabbata:
        mai_aika.aika(asusu.imel, "Barka da zuwa")
```

So nake in tabbatar cewa asusun da bai tabbata ba, ba a aika masa komai. Sai na rubuta haka:

```python
asusu = MagicMock()
mai_aika = MagicMock()
asusu.ya_tabbata.return_value = False
aika_sanarwa(asusu, mai_aika)
mai_aika.aika.assert_not_called()
```

Gwajin faɗuwa yake yi, wai an kira `aika` sau ɗaya, alhali ƙarara na sa False. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ɗaya gwajin da na sa wa `return_value = True` yana wucewa lafiya lau. Ina abin ya karkace?

Bakin_Allo:
Wa alaikumus salam. Cire `.return_value` ɗin nan. Rubuta `asusu.ya_tabbata = False` kawai ka sake gwadawa.

Malamar_Gwaji:
Wa alaikumus salam. Gyaran da Malam Bakin_Allo ya ba ka daidai ne, amma ka ji dalili, don in ka sake cin karo da shi a wani wuri ka gane shi. `return_value` amsa ce da ake ajiyewa sai an kira abu, wato an sa masa baka biyu a gaba kamar `asusu.ya_tabbata()`. Kod ɗinka kuwa ba ya kira, karantawa kawai yake yi. Lokacin da ka rubuta `asusu.ya_tabbata`, nan take MagicMock ya ƙirƙiro wani sabon MagicMock ya rataya shi a wannan sunan, False ɗinka kuma ta shige cikinsa tana jiran kiran da ba za a yi ba. Da `if` ya iso, wannan ƙaramin bogin ya tarar. Shi kuwa MagicMock in aka tambaye shi gaskiya ne ko ƙarya, True yake cewa, sai dai in an saita masa `__bool__`.

Ni wanda ya faɗi bai dame ni ba, ai ya yi maka aikinsa tunda ya sa ka tambaya. Wanda ya wuce ne abin tsoro. Ba True ɗin da ka sa yake karantawa ba. Goge layin gaba ɗaya ka gani, zai ci gaba da zama kore, wato yana wucewa. Da a ce shi kaɗai ka rubuta, da ka tafi da yaƙinin ka gwada abin da ba ka taɓa ba.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, ya yi aiki. Na kuma goge layin kamar yadda Malama ta ce, tabbas gwajin ya wuce babu shi. To amma tunda `ya_tabbata` da `@property` aka yi ta, ba PropertyMock ya kamata in ɗauko ba? Na gwada `asusu.ya_tabbata = PropertyMock(return_value=False)` sai matsalar ta dawo sabuwa.

Bakin_Allo:
Dole ta dawo, ɗan'uwa. `property` ba ta aiki sai tana zaune a jikin aji. Idan ka karanta `abu.suna`, Python yana fara leƙa ajin abun ne, in ya tarar da wani abu mai `__get__` da `__set__` a can, irin `property`, sai ya kira shi ya ba ka sakamakon. Amma in a jikin abun kansa ka ajiye shi, ba wanda zai kira `__get__` ɗin, kayanka za a miƙo maka yadda ka ajiye. PropertyMock ɗin ne da kansa ya shiga `if`, shi ma kuma True ne. Ga yadda ake yi:

```python
p = PropertyMock(return_value=False)
type(asusu).ya_tabbata = p
```

Kada `type(asusu)` ya ba ka tsoro. Duk Mock ɗin da ka ƙirƙira, laburaren yana yi masa nasa ƙaramin aji shi kaɗai, saboda haka ba ka taɓa sauran ba. Sai dai fa wannan rangwamen na abin bogi ne kawai. In `asusu` na gaske ne, `type(asusu)` shi ne `Asusu` ɗinka na ainihi, kuma abin da ka dasa zai zauna a can har a gama dukkan gwaje-gwaje. Daga nan sai ka ga wani gwaji a wani fayil daban yana faɗuwa in an gudanar da su tare, yana wucewa in an gudanar da shi shi kaɗai. A irin wannan, `patch.object(Asusu, "ya_tabbata", new_callable=PropertyMock)` za ka sa a cikin `with`, shi yana mayar da abu mazauninsa in an fita.

Amma a matsalarka ba ka buƙatarsa. Amfaninsa yana zuwa ne in kana son amsar ta sauya tsakanin karatu da karatu, misali `side_effect=[False, False, True]` don gwada kod mai jira har abu ya kammala, ko in karatun ya jefo kuskure, ko ka tabbatar an karanta da `p.assert_called_once_with()`. Shi ya sa na riƙe `p` a gefe, don in ka bi ta `asusu.ya_tabbata` amsar za ka samu, ba shi ba.

Tsohon_Hannu:
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina da tambaya ga ƙanena mai tambaya. Me ya hana ka rubuta wannan?

```python
asusu = Asusu("a@example.com")
```

Layi ɗaya ne. Ba ya taɓa rumbun bayanai, ba ya taɓa intanet, ba ya ɗaukar lokaci. Ranar tabbatarwa babu, don haka `ya_tabbata` za ta ba da False da kanta, ta hanyar da za ta bayar ranar da kod ɗin ya hau saba (server). Me aka samu da aka yi na bogi?

Ga abin da aka rasa dai. Gobe wani abokin aikinka ya sauya sunan `ya_tabbata` zuwa `an_tabbatar` a cikin aji, ya manta bai gyara `aika_sanarwa` ba. Da asusun gaske, gwajin zai faɗi nan take da AttributeError. Da MagicMock, gwaje-gwajenka biyu kore shar, domin MagicMock ɗan amshi ne, duk abin da ka rera masa zai amsa. Sai masu amfani da manhajar ne za su gano maka.

`mai_aika` kam na yarda a yi na bogi, domin aiki yake yi a waje, ba ma son kowane gwaji ya tura saƙo. Amma `Asusu` bayani ne kawai yake ɗauke da shi. Abin da yake riƙe bayani a gina shi, abin da yake aikata wani abu a waje shi ake yi wa madadi.

Malamar_Gwaji:
Yallaɓai, a wannan misalin na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Inda ban yarda ba shi ne a mayar da shi doka. Ba kowane aji ke ginuwa da layi ɗaya ba. Akwai wanda `__init__` ɗinsa ke neman abubuwa shida, kowanne kuma yana neman nasa. Akwai sifar da in ka karanta ta sai ta je rumbun bayanai ta ƙirgo layuka. Akwai wadda ta dogara da agogo. Idan kod ɗin da ka gada haka yake, ba za ka ce sai ka sake gina shi kaf kafin ka rubuta gwaji ko ɗaya ba. Gwajin ne ma zai ba ka ƙarfin gwiwar taɓa shi.

Matsalar sauya suna kuma tana da magani, ai don ita aka yi `spec`.

Bakin_Allo:
Malama, a nan akwai wani ɗan rami da ya kamata a nuna. `spec` kaɗai ba ya kama misalin da Yallaɓai ya kawo. Abin da yake hanawa shi ne karanta sunan da babu shi a aji, amma bai hana rubuta shi ba. To gwajin mai tambaya rubutawa yake fara yi:

```python
asusu = Mock(spec=Asusu)
asusu.ya_tabbata = False
```

Ko an sauya sunan a aji, layi na biyu zai wuce, kuma tunda an riga an ajiye, karantawar ma za ta wuce. Wanda yake hana rubutun shi ne `spec_set`.

Malamar_Gwaji:
Haka ne, `spec_set` ne ya dace a wurin. Sai dai a sanar da mai tambaya abin da zai tarar in ya sa shi. Sunayen da ake yarda da su daga `dir()` na ajin ake ɗauko su. `ya_tabbata` tana ciki domin a jikin aji take. `imel` kuwa a cikin `__init__` ake haifar ta, ajin bai san da ita ba sai an gina abu. Saboda haka `asusu.imel = "..."` zai jefo AttributeError a ƙarƙashin `spec_set=Asusu`. Mafita biyu ce: ko a rubuta `imel = None` a jikin ajin, ko a ba `spec_set` abu ginanne maimakon aji.

Tsohon_Hannu:
To Malama, in har zan iya gina asusun gaske don in miƙa wa `spec_set`, ai na riga na samu abin da nake nema a hannuna. Me zai sa in ajiye shi in ɗauki kwafinsa?

Kuma ko `spec_set` ɗin, suna kawai yake tsarewa, ba ya tsare nau'i. A koma kan layin farko na mai tambaya, `asusu.ya_tabbata.return_value = False`. A sa `spec_set`, a sa `create_autospec`, duk zai wuce ba ƙorafi, kuma `if` zai ci gaba da ganin True. Wato kuskuren da ya haifar da wannan muhawarar gaba ɗaya, babu ɗaya daga cikinsu da zai kama shi.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Sifofi suna da dangantaka da juna, in ka dasa musu amsa ɗaya bayan ɗaya kana iya ƙirƙiro yanayin da ba zai taɓa faruwa ba. Ɗauki `Response` na laburaren requests, wanda kusan kowa a nan ya taɓa yi wa na bogi. `status_code` sifa ce zalla, `ok` kuma `property` ce da ake lissafa ta daga `status_code`, True ce in lambar ba ta kai 400 ba, `json()` kuma metod ne. Mutum zai rubuta:

```python
amsa = MagicMock()
amsa.status_code = 500
```

Ya ce ya gwada abin da zai faru in saba ta samu matsala. Amma kod ɗin `if amsa.ok:` yake dubawa, `ok` kuma ba a taɓa ta ba, True ce. Amsa mai lamba 500 wadda kuma lafiyarta ƙalau, babu irinta a duniya, a cikin gwajinsa kawai take rayuwa. Da ya rubuta `amsa = requests.Response()` sannan ya sa `status_code = 500`, da `ok` ta zama False da kanta. In kuma jikin amsar ake buƙata, akwai laburare irin su responses da requests-mock da ke tare buƙatar tun kafin ta fita, su dawo maka da `Response` na gaske.

Mai_Rubi:
Sallama ga kowa. Ni da Ruby nake aiki, bari in kawo yadda abin yake a wajenmu, ko zai ƙara haske. Ruɗanin farko na mai tambaya ba ya tasowa a Ruby, domin daga waje ba a karanta sifa kai tsaye. `asusu.imel` kiran metod ne ko da ba ka sa baka ba, `attr_reader` ma metod yake rubuta maka. Don haka dasa wa sifa amsa da dasa wa metod amsa hanya ɗaya ce:

```ruby
asusu = instance_double(Asusu, imel: "a@example.com", ya_tabbata?: false)
```

`instance_double` ya zo ne da RSpec 3, laburaren gwaji na Ruby, a 2014. Yana duba cewa ajin yana da metod mai wannan sunan, yana kuma duba yawan abin da ake miƙa masa. Ko `double` na talaka ma ba ya amsa abin da ba a koya masa ba, kuskure yake jefowa, sai in kai ka ce `as_null_object`.

Amma mu ma muna da namu ramukan, kuma yawancinsu a ActiveRecord suke, ɓangaren Rails da ke hulɗa da rumbun bayanai. Na farko, in ka ɗauki asusu na gaske ka ce `allow(asusu).to receive(:imel).and_return("x")`, metod ɗin `imel` kaɗai ka rufe. `asusu[:imel]` da `read_attribute(:imel)` da `attributes` duk tsohuwar ƙimar za su ba ka, domin ba ta wannan metod ɗin suke bi ba. In kod ɗin ya yi `save`, tsohuwar ce za ta shiga rumbu. Abu ɗaya ke nan yana ba da amsa biyu, ya danganta da ƙofar da ka ƙwanƙwasa.

Na biyu, `imel` da `imel=` metod biyu ne da ba ruwan wani da wani a kan abin bogi. Ka yarda a kira `imel=`, kod ya rubuta sabuwar ƙima, ya dawo ya karanta, tsohuwar amsar da ka dasa zai samu.

Na uku, metod ɗin ginshiƙan tebur ba a rubuce suke a aji ba, Rails ne ke ƙirƙiro su bayan ya leƙa tsarin teburin. Shi ya sa `instance_double` kan iya cewa ajin ba shi da `imel` alhali ga ginshiƙin nan. rspec-rails yana kiran `define_attribute_methods` kafin ya duba don toshe wannan, amma hakan na nufin sai an karanta tsarin teburin daga rumbu.

Da can `mock_model` da `stub_model` ake yawan ɗauka, a RSpec 3 aka fitar da su zuwa rspec-activemodel-mocks. Ni yanzu `Asusu.new(...)` nake yi, ko `build_stubbed` na factory_bot in ina buƙatar ya zama kamar an adana shi. Abu ne na gaske da lambar id ta bogi, in kod ya yi yunƙurin `save` kuma sai ya yi ƙara. Don haka ina bayan Yallaɓai Tsohon_Hannu.

Dan_Java:
Abin sha'awa, a Mockito, laburaren abin bogi na Java, matsalar mai tambaya juyewa take yi. Metod ɗin da ba a dasa wa amsa ba, in boolean yake dawowa da shi false yake bayarwa, lamba kuma 0, jeri kuma fanko, mafi yawan sauran null. Da a Java yake, gwajin "kada a aika" ne zai wuce ko bai saita komai ba, na "a aika" ya faɗi. Ko ta wane ɓangare dai, akwai gwaji guda da ke wucewa a banza. Su kansu masu Mockito a shawarwarinsu sun ce kada a yi wa abubuwan da ke ɗauke da ƙima kawai na bogi.

Mai_Shiru:
A Jest na JavaScript, `jest.spyOn(abu, "suna", "get")` yana aiki ne in sifar da `get` aka yi ta. In sifa ce zalla, `jest.replaceProperty` ake ɗauka, ya shigo a siga ta 29.4. A tuna da `jest.restoreAllMocks()` bayan kowane gwaji. Batun rubutu da karatu da Malam Mai_Rubi ya kawo kuma, a Moq na C# `SetupProperty` ne ke haɗa su, yana tuna abin da aka rubuta, `SetupGet` kuwa amsa ɗaya yake riƙewa.

Sabon_Hannu:
Kai, na ƙaru sosai. Wata ƙaramar tambaya kafin in koma kan babbar. A wani gwajin na rubuta `Mock(name="rukuni")` ina son `abu.name` ya ba ni "rukuni", sai ya ba ni wani Mock. Sauran sifofin kuwa duk suna shiga ta wannan hanyar.

Bakin_Allo:
`name` na Mock ne da kansa, da shi yake kiran kansa a saƙonnin kuskure. Gina shi tukuna, sannan ka ce `abu.name = "rukuni"`, ko `abu.configure_mock(name="rukuni")`.

Tunda an zo nan, ga wani makamancinsa. In kana son nuna cewa sifa babu ita, kada ka sa `PropertyMock(side_effect=AttributeError)` a kan MagicMock. Python in ya ga AttributeError daga nan sai ya ɗauka sifar ce babu, ya koma `__getattr__`, shi kuma ya ƙirƙiro maka sabon bogi. Kuskuren ya ɓace ke nan. `del abu.suna` ake yi, daga nan `hasattr` zai ce False.

Tsohon_Hannu:
Ku duba yawan ƙa'idojin da muka jero don kawai mu sa abu ya riƙe ƙima ya dawo da ita, aikin da kowane aji ke yi kyauta.

Bari in ɗan koma baya, domin asalin dabarar yin abin bogi yana da alaƙa da maganar nan kai tsaye. A Landan ta taso, kuma Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig ne suka gabatar da ita a taron XP2000 da aka yi a Sardiniya ta Italiya a shekarar 2000. Abin da ya dame su shi ne yadda ake ta ƙara wa aji metod ɗin leƙa ciki, irin su `getWannan` da `getWancan`, don kawai gwaji ya samu abin dubawa. Sai suka ce a maimakon a leƙa cikin abu, a ba shi abokin hulɗa na bogi a ga saƙon da zai aika masa. Wato don a rage karanta sifofi aka ƙirƙiro abin. Yau kuma mun ɗauke shi muna cika shi da sifofi.

Shi ya sa in na ga gwaji da layi bakwai na `abu.kaza = kaza` kafin a kira komai, ko irin `oda.mai_shi.asusu.ya_tabbata`, ba gwajin nake zargi ba. Kod ɗin ne yake tona cikin maƙwabcinsa da yawa, gwajin ya fallasa shi kawai.

Malamar_Gwaji:
Tarihin daidai ne, Yallaɓai, kuma ina ganin darajarsa. Amma ina tsoron inda matasa ke kai wannan shawarar. Sai su ji "kada a leƙa cikin abu", su kwashe aika saƙo da lissafi da komai su zuba a cikin `Asusu`, a wayi gari aji ɗaya ya kai layi dubu. `aika_sanarwa` ta mai tambaya sifa biyu take karantawa, ba ta yi laifin komai ba, kada ya taɓa ta.

Kuma ina nan kan bakana a kan sifa mai tsada. In `property` tana zuwa rumbu ko tana kiran wata saba, to ta daina zama bayani, aiki ce da ta sa rigar sifa. A nan ba na yi wa dukkan abun na bogi, ina gina na gaske ne in rufe wannan sifar guda da `patch.object`. Sauran sifofin suna nan da dangantakarsu, kuma `patch.object` da kansa yana ƙin sunan da babu shi a aji, don haka sauya suna ba zai wuce shi ba.

Akwai kuma tsaka-tsaki da ba a ambata ba, `types.SimpleNamespace`, yana nan tun Python 3.3, sigar da unittest.mock ɗin ma ya shiga cikin Python. `SimpleNamespace(imel="a@example.com", ya_tabbata=False)` ba ya ƙirƙiro komai, abin da ba ka ba shi ba AttributeError ne. Bai san ajin gaske ba, don haka ba zai kama sauya suna ba, amma ba zai taɓa ba ka True ɗin da ba ka sa ba.

Tsohon_Hannu:
A kan rufe sifa guda a jikin abu na gaske ba mu da saɓani, Malama. Abin da zan ƙara kawai, in na ga ana rufe sifa ɗaya a gwaji goma, zan fi so a fito da ita fili ta zama metod, ko a miƙo ƙimar daga waje, don mai karanta kod ya san akwai tafiya zuwa rumbu a wurin.

Malamar_Gwaji:
In kod ɗin naka ne. In na laburaren wasu ne, ko sifar tana da masu karanta ta a wurare hamsin, rufewar ce ta fi sauƙin haɗari.

Sabon_Hannu:
To ga inda nake tsaye. Ajin da na nuna muku na taƙaita shi ne, na ainihin model ne na Django, wato ajin da ke wakiltar tebur a rumbun bayanai. Shi ya sa tun farko na gudu zuwa MagicMock, na ɗauka gina shi sai da rumbun bayanai. Kuma yana da wata sifa, `adadin_sakonni`, da ke yin `self.sakonni.count()`. Ya zan yi da su?

Bakin_Allo:
Gina model a Django ba ya taɓa rumbu. `Asusu(imel="a@example.com", ranar_tabbatarwa=None)` a ƙwaƙwalwa kawai yake, sai ka kira `save()` ko ka bi wata dangantaka da ba ka cika ta da hannunka ba. In kana son tabbaci, gaji `SimpleTestCase`, shi yana hana duk wata tambaya zuwa rumbu, in an yi sai gwajin ya faɗi ya nuna maka wurin.

`adadin_sakonni` kuwa ita ce irin wadda Malama take nufi. Duba da me aka yi ta. In `@property` ce mara `setter`, `asusu.adadin_sakonni = 3` zai jefo AttributeError a kan abu na gaske, sai ka bi ta nan:

```python
with patch.object(Asusu, "adadin_sakonni",
                  new_callable=PropertyMock, return_value=3):
    ...
```

In kuma `cached_property` ce, ta Django ko ta functools da ta zo a 3.8, rubuta `asusu.adadin_sakonni = 3` kai tsaye ya isa, domin a `__dict__` na abun take ajiye sakamakonta, in ta tarar da ƙima a can ba a sake lissafi.

Mai_Rubi:
Sai dai ka bar gwaji aƙalla guda da ke shiga rumbu da gaske ya gwada ƙirgar kanta. In ko'ina 3 ɗin da ka dasa ake gani, ba wanda ya taɓa tabbatar da cewa `count()` ɗin abin da ya dace yake ƙirgawa.

Sabon_Hannu:
Na gane. Na mayar da gwaje-gwajen biyu kan `Asusu` na gaske a ƙarƙashin `SimpleTestCase`, duk sun wuce. Na kuma jarraba juya `if` ɗin zuwa `if not`, dukansu biyu suka faɗi, na mayar. `adadin_sakonni` ɗin `@property` ce, zan bi ta `patch.object`. Saura `mai_aika`, in bar shi MagicMock yadda yake?

Malamar_Gwaji:
Bar shi na bogi, amma ɗaure shi da ajinsa: `mai_aika = create_autospec(MaiAika, instance=True)`. Ta haka in an sauya sunan `aika`, ko an ƙara masa wani abin da dole a miƙa, gwajin da ke kiransa zai faɗi. A gwajin asusun da ya tabbata kuma kada ka tsaya a kan cewa an kira, rubuta `mai_aika.aika.assert_called_once_with("a@example.com", "Barka da zuwa")`, don a san adireshin da ke jikin asusun ne ya tafi.